Gizo da Ƙanƙarar da Ba Ta Narkewa

Da na dawo gida bayan shekarun da na yi ina ci-rani, sai da na tsaya ina waige-waige. An sare tsamiyar ƙofar masallaci, rijiyar unguwa ta zama famfo, filin ƙwallonmu ya cika da shaguna. Yaran da na bari ba wando sun fi ni tsawo. A bayan tasha kuma na ga wasunsu zaune, ido ya faɗa, suna zuƙar abin da suke kira ais, wasu su ce ƙanƙara. Kakata Iya Tasalla ce kawai na tarar yadda na bar ta. Da aka gama cin tuwo ta tara jikoki a bakin murhu.

"Maigida," ta ce da ni, "zo zauna kusa da amaryarka. Ku kuma ku kife wayoyin nan. Ga ta nan, ga ta nanku, ta taho da ƙafarta!"

Muka ce, "Ta iso mu ji ta, Iya!"

A garin dabbobi akwai wani saurayi, Kurege. Mahaifinsa ya rasu ya bar masa gona da garma da ƙanwa ɗaya, Auta. Kurege ba malalaci ba ne, amma duk ranar gayya, in samari sun jeru a gonar wani, Jaki ne ke fara kai kunya ƙarshe. Jaki makaɗa ke wa kirari, Jaki 'yanmata ke wa guɗa. Abin ya tsaya wa Kurege a rai.

Ran nan yana dawowa sai ga Gizo a gindin kuka.

"Kurege ɗan'uwana, lafiya kake tafe kamar an jiƙa ka?"

"Baba Gizo, ƙarfina ne ba ya kai ni."

Gizo ya buɗe jaka. Ga wasu fararen duwatsu suna ƙyalli kamar ƙanƙarar sama, amma rana ba ta narkar da su.

"Ga ƙanƙara, zuƙi hayaƙinta sau ɗaya. Ba gajiya, ba yunwa, ba barci."

"Me zan ba ka?"

"Haba! Ni da kai? Kyauta ce."

Washegari a gayya Kurege ya zuƙa, ya kama garma, ƙura ta tashi. Kafin Jaki ya kai rabi ya gama kunyarsa ya kama ta maƙwabci. Makaɗa suka juya masa ganga. Aka kawo tuwo ya ce ya ƙoshi. Dare ya yi, ido ƙyar. Da abin ya sake shi sai ya zube, jiki kamar an daka shi a turmi, duniya ta yi masa baƙi. Ya rarrafa gidan Gizo.

"Baba, ƙara mini."

"Kyauta ta ƙare jiya. Kawo kazar gidanku."

Ya kawo. Ya sake komawa, Gizo ya ce, "Kawo akuya." Ya kawo. Ya koma na uku, Gizo ya ce, "Buɗe mini rumbu." Ya buɗe. Zomo da Barewa da suka ga an yi wa Kurege kirari, su ma suka bi layi.

Nan Mansura, 'yar ƙanwar babana, ta katse. "Iya, to me ya hana shi dainawa?"

"Yarinya, ranar farko shi ya riƙe ta. Daga ranar ta biyu ita ta riƙe shi."

Wata safiya Kurege ya shiga gonarsu ya nome ciyawa tas. Hannu ya ƙi tsayawa, ya sake bin ta. Ya dawo karo na uku, babu ciyawa ko ɗaya, sai ya hau geron da ya kai gwiwa yana sara. Auta ta zo da fura ta saki ƙwarya.

"Yaya! Gero ne kake sarewa!"

"Ƙarya kike! Jaki ne ya aiko ki!"

Ya ɗaga mata garma. Ta dube shi da kyau: haƙarƙari a waje, haƙora sun fara ruɓewa, ya yage hannunsa da susa wai kiyashi na yawo cikin fatarsa. Ta san in damina ta wuce a haka, yayanta ba zai ga kaka ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta je ta laɓe a bayan dangar Gizo. Ta ga ya ci kaza ya sha romo. Ta koma, ta ga yana minshari a inuwa. Ta sake komawa, ta ga ɗansa ya kai hannu jakar, Gizo ya sharara masa mari.

Ranar gayyar Giwa, Sarkin Noma, gari duk ya hallara. Gizo na gefe da jakarsa yana yafito samari. Auta ta fito tsakiya ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, a garin nan in mutum ya kawo fura gayya, wa ke fara kurɓa?"

Giwa ya ce, "Mai furar."

"In ya kawo goro?"

"Shi ke fara ɓarawa ya ci. Haka muka gada."

"To, Baba Gizo ya kawo wa samari ƙanƙara."

Giwa ya juyo. "Gizo, bismillah."

"Ranka ya daɗe, azumi nake."

Jaki ya ce, "Da man kaza a bakinka?"

"To... cikina ne ke murɗa."

"Ba kai ka ce tana maganin komai ba?" in ji Zomo.

Giwa ya naɗe shi da hanci ya kai shi bakin jakar. Gizo ya ƙwala ihu.

"Wayyo, kada ku kashe ni! Tana cin ƙwaƙwalwa! Tana zubar da haƙori! Ko ɗana ba na bari ya taɓa!"

Ganga ta yi shiru. Kurege ya taso ya tsaya gaban Gizo.

"Ɗanka? Mu kuma 'ya'yan wa?"

Kai, ba ku ga gudu ba! Gizo ya kuɓuce, samari da garemani, mata da muciya suka bi shi, har Kunkuru likita ya taɓa sauri. Gizo ya haye rufin ɗaki ya maƙale a lungu, har yau can yake. Aka haƙa rami mai zurfi aka binne jakar, Giwa ya taka wurin.

Amma kada ku ce shi ke nan. Aka kai Kurege da abokansa wurin Kunkuru. Kurege ya yi kuka, ya yi roƙo, ya zagi Auta. Ya gudu aka kamo shi, ya sake gudu aka kamo shi. Auta na nan da ƙwaryar kunu, ba ta gusa ba. Jakin da yake zargi kuwa shi ya tara samari suka sake shuka masa gona.

Da damina ta zagayo, Kurege ya shiga layi da ƙarfin da Allah ya ba shi. Shi da Jaki suka kai ƙarshe kafaɗa da kafaɗa. Ya cinye malmala uku, ya miƙe a inuwa. Makaɗa na zuba masa kirari, 'yanmata na guɗa, shi kuwa yana ta minshari abinsa. Auta ta ce, "Ku buga da ƙarfi, ba zai tashi ba!"

Iya ta tura itace cikin wuta ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ku ji ni da kyau. Duk abin da aka ce zai hana ku yunwa da barci, ƙarfin gobenku yake cinyewa. Kada ku ɗanɗana ko sau ɗaya. Ko mai ba ku ya zuƙa a gabanku, ku ƙi, shi ma wani Gizon ne ya kama shi. Wanda ya riga ya faɗa kuma, kada ku ɓoye shi, kada ku yar da shi, ku kai shi asibiti. Ƙungurus kan kusu, kowa ya kaɗe tabarmarsa."

Yara suka watse suna gardamar wa ya fi jarumta, Auta ko Jaki. Ni kuma na shiga ɗaki na jawo jakata, na fara ninke kaya, don da asuba zan koma ci-rani, motar Kudu kuwa ba ta jiran kowa.