Bunsurun da Ya Yi Fari Saboda Kirsimeti

An yi wani baƙin bunsuru a gidan Baba Barnaba da matarsa Mama Afiniki, a wani ƙauye da ke gindin dutse, inda ƙarar ƙararrawar coci ke isa kowane gida. Bunsurun nan yana da ƙahoni masu kyau da dogon gemu, kuma abu ɗaya ne ya dame shi a duniya: a riƙa kallonsa. In baƙo ya shigo bai dube shi ba, ranar ko dusa ba ta yi masa daɗi.

Akwai kuma wata farar tunkiya a gidan, wadda ko shekara ba ta cika ba. Ita mafarki take yi ido biyu. Sai ta tsaya da ciyawa a baki tana kallon hayaƙin murhu yana hawa sama, har ta manta da tauna. Duk abin da aka gaya mata kuwa, yarda take yi.

Ta ukunsu tsohuwar Agwagwa ce. Ta ga Kirsimeti bakwai a gidan, kuma ba ta iya ɓoye gaskiya ko da za a yi faɗa.

Saura kwana uku Kirsimeti, gidan ya sake kama. An cire labulaye an wanke, an shanya a igiya, iska tana kaɗa su a hankali. Mama Afiniki da maƙwabtanta mata sun baje tabarma suna murza ƙullun cincin suna yankawa, suna rera waƙoƙin da zumuntar mata za ta yi a coci. Ƙamshin man gyaɗa ya cika tsakar gida. An jiƙa zoɓo a babbar tukunya, an surfa geron kunu. Kwanukan da za a kai wa maƙwabta abinci, Musulmi da Kirista, an wanke su an kife a rana suna ta ƙyalli. Baba Barnaba kuwa ya dama farar ƙasa a bokiti yana shafe katanga, yana bin waƙar matan da murya ƙasa-ƙasa.

Tunkiya ta tsaya a tsakiyar wannan duka kamar wadda ke barci a tsaye. A ganinta labulayen nan tsuntsaye ne manya da ke shirin tashi da gidan gaba ɗaya.

Da rana ta yi zafi, Mama Afiniki ta ɗebo ruwan ɗumi da sabulu ta yi wa Tunkiya wanka, ta taje mata gashi, ta zuba mata harawa a kwando ita kaɗai. Bunsuru yana gefe yana kallo. Bai iya haƙuri ba, ya tafi bakin randa inda Agwagwa ke wasa da ruwan da ya zube, ya tambaye ta me ake shiryawa.

Agwagwa ta gaya masa. Malama Tabita, wadda ke koyar da yara ranar Lahadi, ita ta zo ta roƙi aron Tunkiya. Yara za su yi wasan haihuwar Yesu, kuma ana son dabba ta gaske ta tsaya a bakin komin dabbobin da za a kwantar da jariri a ciki. Za a yi gwaji ranar jajibere da la'asar, a yi wasan da safiyar Kirsimeti a gaban duk gari.

"Duk gari?" in ji Bunsuru. "Kuma wannan mai gyangyaɗin aka zaɓa? Don dai tana da farin gashi?"

"Ba gashinta aka duba ba," in ji Agwagwa. "Natsuwarta aka duba. Kai ko ƙuda ya sauka a hancinka sai ka tara mana jama'a."

"Ke tsufa ya ci idonki, Goggo. Wa ke da gemu irin nawa a ƙauyen nan?"

"Gemu ba ya tsayawa shiru a coci, mai gemun ne ke tsayawa."

Bunsuru ya juya mata baya. Cikin duk abin da ta faɗa, kalma biyu kawai ya riƙe: duk gari.

Ya tafi gindin mangwaro ya kwanta, ya lumshe ido. Nan ya ga kansa a cikin coci, fari fat, hasken taga yana sauka a kan ƙahoninsa. Mata sun ajiye waƙa suna nuna shi, tsofaffi suna miƙa wuya don su gan shi da kyau, yara suna ɗaga masa hannu. Mafarkin ya yi masa daɗi har bai ji lokacin da aka zuba dusa ba.

Washegari ya sami Tunkiya tana cin harawarta. Ya zauna kusa da ita da fuskar tausayi, ya yi ajiyar zuciya sau biyu. Da ta tambaye shi lafiya, sai ya ce shi dai ba ya son ya zama mai kawo mummunan labari.

"Ƙanwata, kin taɓa ganin an yi wa dabba wanka da sabulu an ba ta harawa haka kawai? Kin ga tukwanen nan da ake wankewa? Me kike tsammani za a dafa a ciki?"

Harawa ta faɗi daga bakin Tunkiya. Ta ce ai Mama tana sonta, jiya ma ta shafa kanta tana yi mata waƙa. Bunsuru ya ce haka ake yi kullum kafin yanka, don naman ya yi taushi. Ya ba ta shawara ta ɓuya har bikin ya wuce, kuma kada ta gaya wa Agwagwa, don bakinta ba ya riƙe magana.

Ranar jajibere da sassafe, kafin a share tsakar gida, Tunkiya ta sulale ta shige cikin tarin karan dawa da ke bayan rumbu. Ta kwanta a can ciki. Tana jin waƙar mata daga nesa, tana jin ƙamshin suya, amma yanzu duk abin da ya yi mata daɗi jiya tsoro yake ba ta.

Shi kuwa Bunsuru ya jira Baba Barnaba ya gama shafe katangar ƙofar gida ya tafi aski. Ya je ya goga gefen damansa a jikin ɗanyar katangar, daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya juyo ya goga na hagu. Sannan ya tsoma kansa cikin bokitin har wuya.

Agwagwa ta ɗaga kai ta dube shi.

"Wa ya fasa buhun gari a kanka?"

"Hassada ce ke cin ki," in ji Bunsuru, farin ruwa yana ɗiga daga gemunsa.

"Ina yarinyar nan? Tun safe ban gan ta ba."

Ya ce shi ba makiyayinta ba ne. Agwagwa ta lura bai iya haɗa ido da ita ba.

Mama Afiniki ta nemi Tunkiya har ta gaji. Ta bar cincin a wuta ya kusa ƙonewa, ta leƙa gidajen maƙwabta, ta je har bakin rafi tana kira. Da Malama Tabita ta iso da la'asar, Mama ta tarye ta da ido jajir tana ba ta haƙuri. Suna cikin magana sai ga Bunsuru ya fito tsakiyar fili ya tsaya, ya ɗaga kai sama.

Malama Tabita ta yi dariya har ta dafa bango. Ta ce tun da yara suna can suna jira, a ba ta wannan don gwajin yau kawai, ko sa saba da dabba kusa da su. Mama ta ce ita dai ba ta yarda da halinsa ba, amma ta ɗaura masa igiya ta miƙa.

Cikin cocin akwai sanyi da ƙamshin sabon share. An rataye takardu masu launi daga wannan bango zuwa wancan, an yi babban tauraro da kwali an lulluɓe shi da takarda mai ƙyalli. Yara suna tsaye, wasu da sandunan makiyaya, wasu da fukafukan farar takarda a baya. A tsakiya ga komin katako cike da ciyawa, an kwantar da 'yar tsana a ciki cikin farin zane. Wata yarinya mai suna Salama, wadda ke fitowa a Maryamu, tana durƙushe a gefensa.

Aka tsayar da Bunsuru a bayan komin. Yara suka yi 'yar dariya, Malama ta tafa hannu, suka natsu, aka fara waƙa.

Bunsuru ya jira. Ya gyara tsayuwa, ya karkata kai don haske ya sami ƙahoninsa. Ba wanda ya dube shi. Makiyaya komi suke kallo, mala'iku komi suke kallo, har tsofaffin da suka zo share coci sun jingina tsintsiya suna kallon komi. Ya yi tari. Ya buga ƙafa. Waƙa ta ci gaba.

Sai ya yi tunani, tun da can kowa ke kallo, can ya kamata ya tsaya. Ya ɗaga ƙafafunsa na gaba ya ɗora a kan komin.

Komi ya kife. 'Yar tsana ta gangara ƙarƙashin benci, ciyawa ta watse, Salama ta fashe da kuka. Bunsuru ya firgita ya yi tsalle baya, ƙahonsa ya soke fiffiken wani mala'ika ya yage shi, igiyarsa ta harɗe sandunan makiyaya suka zube. Yanzu kam kowa shi yake kallo.

Malama Tabita ta ja shi zuwa gida ta hanyar kasuwa, don ita ce mafi kusa. Farar ƙasar ta bushe tana zuba daga jikinsa ɓaro-ɓaro, ga guntun fiffike a ƙaho. Masu kitso suka bar kitso, tela ya tsayar da kekensa, aka fito bakin hanya ana dariya. Bunsuru ya sunkuyar da kai har gemunsa yana share ƙasa.

A wannan lokacin Agwagwa tana can tana bin sawun ƙananan kofato a bayan gida, har ya kai ta ga tarin kara. Ta tura baki ciki ta kira. Da ƙyar wata siririyar murya ta amsa.

"Goggo, an wasa wuƙar?"

"Wace wuƙa? Baba ya shiga watandar saniya tun watan jiya, naman ma yana cikin tukunya. Coci za a kai ki, 'yar nan, ki tsaya kusa da jariri yara su yi waƙa. Wa ya gaya miki yanka?"

Tunkiya ta ce Bunsuru ne. Agwagwa ta ce daga yau in aka gaya mata abin tsoro, ta tambayi baki biyu kafin ta gudu.

Tunkiya ta fito duk jikinta ƙaiƙayi da ganyen kara. Da Mama Afiniki ta gan ta, ta ajiye ludayi ta rungume wuyanta, ta zauna a ƙasa tana cire mata ƙaiƙayin ɗaya bayan ɗaya.

Baba Barnaba ya dawo daga aski ya tarar da katangarsa da dogayen sawun gashi, ga kuma Malama Tabita da labarin coci. Bai yi faɗa ba. Ya ba Malama haƙuri, ya ce zai je ya gyara komin da kansa. Sannan ya kafa turke a bayan rumbu, inda ba baƙon da ke bi, ya ɗaure Bunsuru da gajeriyar igiya. Ya ce nan zai zauna har sabuwar shekara.

Da safiyar Kirsimeti ƙararrawa ta kaɗa. Bunsuru ya ji takun sababbin takalma, ya ji Mama tana kiran Tunkiya da murna, ya ji an rufe ƙofa. Shi bangon rumbu kawai yake gani, ga ragowar farar ƙasa tana cin fatarsa, igiya ba ta kai inda zai sosa ba.

Da rana gida ya cika da baƙi. Kwanukan shinkafa suna fita, maƙwabta suna shigowa barka da Kirsimeti. Can sai ga Tunkiya ta zagayo bayan rumbu a hankali, idonta kamar ba ta gama farkawa ba. Bunsuru ya so ya kau da kai, amma tambayar ta fi ƙarfinsa.

"Sun kalle ki?"

"A'a, Yaya," in ji ta. "Jaririn suke kallo. Ni ma shi na kalla. Da suka fara waƙa sai na ji kamar rufin cocin ya buɗe, mu duka muna tafiya sama a hankali. Salama ta ɗora hannunta a bayana, yana da ɗumi. Ban san lokacin da aka gama ba."

"To me kika samu, in ba wanda ya kalle ki?"

Tunkiya ta matso kusa da shi. Ta sa goshinta tana sosa masa bayan wuya, daidai inda yake yi masa ƙaiƙayi. Bunsuru ya tsaya shiru bai motsa ba, karo na farko tun da aka haife shi.

Darasin wannan labari shi ne, yara, wanda ya ɗauka kowane taro dominsa aka yi, zai yi ƙarya ya ture na kusa da shi don ya shiga gaba, kuma kallon da zai samu a ƙarshe na dariya ne. Biki na kowa ne. In an ba ka wuri a gefe, ka tsaya a nan da zuciya ɗaya, za ka koma gida da daɗin da mai neman a gan shi bai san akwai shi ba.