Uwar da aka zaunar a kan hannayenta

Akwai wata mata mai wanki da guga, tana da 'ya mai shekara goma sha uku da ake kira Auta. Jikin Auta ya girma, hankalinta bai bi shi ba. Ita uwar ke mata wanka, ita ke sa mata riga, ita ke ba ta abinci a baki.

Sai likita ya ce za a yi wa uwar aiki nan da wata uku, kuma za ta yi mako a kwance. Ta je wurin ƙanwarta, ta roƙe ta ta riƙe mata Auta.

"Yaya, ki yi haƙuri," in ji ƙanwar. "Da 'ya'yana huɗu zan ji, ko da wadda komai sai an yi mata?"

Wata maƙwabciya ta nuna mata filin da wani malamin wasanni ke koyar da yara irin Auta. Ta kai ta, tana zaton magani za a bayar. Sai ta tarar da ƙwallo, da igiya, da layin alli a ƙasa.

Malamin ya jefa wa Auta ƙwallo. Uwar ta yi caraf ta cafe, ta miƙa mata.

"Baiwar Allah, ke aka kawo ko ita?"

"Ai zai buge ta!"

Ya nuna mata benci. "Zauna. Sa hannayenki a ƙarƙashinki, ki danne su. Duk ranar da kika fitar da su, ku tafi gida."

Ta zauna, kanta a ɗaure. Ƙwallo ya bugi ƙirjin Auta sau tara. Uwar na ƙirgawa tana hawaye, malamin kuwa tafi yake yi.

"Malam, me aka ci ake tafi?"

"Ba ki gani ba? Yau ta ɗaga hannu."

Ita dai ba ta ga komai ba. Mako ya bi mako: tafiya a kan layi, tsallake igiya, tsintar murafun kwalba a zuba a bokiti. Ta rasa abin da ya haɗa murfin kwalba da kwanciyarta a asibiti. Malamin ya ce a gida ma ta janye hannu. Sai shirin safe ya koma awa biyu, kayan mutane na jiran guga.

Ranar aiki ta zo. Ba yadda ta iya, ƙanwar ta karɓi Auta tana ɓata rai.

Bayan kwana bakwai uwar ta dawo, tana tafe tana dafa bango. Ta tarar da Auta a tsakar gidan ƙanwar tana cin abinci da kanta, rabi a baki rabi a cinya. Rigarta a bai-bai, takalmin dama a ƙafar hagu.

"Wa ya shirya ta haka?"

"Ita mana," in ji ƙanwar. "Na kai hannu, ta ture ni. Ki je ki warke, Yaya. Bar min ita wani makon."

Auta ta ɗago, ta ce, "Inna, sannu," ta koma kan kwanonta.

Uwar ta tsaya a bakin ƙofa. Ta rasa dariya za ta yi ko kuka.

Darasi: Ku iyaye, ku saurare ni. Yi wa yaro komai ba so ba ne, kashe masa hannu ne. Mai raunin hankali ma yana koyo, a hankali dai, kuma wasa makaranta ne a wurinsa. Ba za ku dawwama a kansa ba. Ku tura wannan labari ga duk uwar da hannunta ba ya zama wuri ɗaya.