Wayar da Ba Ta Yi Ƙara Ba

Akwai wani manomi mai suna Irimiya, yana da gonar shinkafa a bakin kogi. Da rani, injin lantarki ne ke ja masa ruwa. Akwatin da ke kunna injin kuwa wani dattijo ne ya haɗa shi, Baba Sila mai gyaran lantarki, ya zaɓi kowace waya ta ciki daidai da ƙarfin wutar da za ta bi ta cikinta.

Ubangiji ya sa wa gonar albarka, Irimiya ya faɗaɗa ta, ya sayo inji mai ƙarfi ninki biyu. Da Baba Sila ya zo ya gani, sai ya ce, "Ɗana, wayoyin cikin akwatin nan na ƙaramin inji ne. Wannan zai ja wutar da ta fi ƙarfinsu. Ka ba ni kwana biyu in sa masu kauri."

Irimiya ya ce, "Baba, shuka ba za ta jira kwana biyu ba. Ga shi mun kunna, yana aiki lafiya. A bari sai bayan girbi."

Ba a yi mako ba fis, wato 'yar wayar da ke yanke wuta in ta yi yawa, ya tsinke. Irimiya ya sa sabo, shi ma ya tsinke. Da abin ya ishe shi, sai ya cire fis ɗin, ya ɗaura guntun ƙarfe a wurinsa. Daga nan inji bai ƙara tsayawa ba. Wani lokaci yakan ji akwatin da zafi, har da ɗan ƙaurin roba, amma ya duba ya ga ruwa na kwarara, sai ya wuce.

Ana nan, daidai lokacin da shinkafa ke fitar da kai, wayoyin suka narke. Akwatin ya kama wuta, injin ma ya ƙone. Kafin a samo wani, mako uku sun wuce, rana ta cinye gonar.

Baba Sila ya buɗe akwatin, ya zaro wata waya da ta koma baƙa. Irimiya ya ce, "Wayar banza ce ta kashe ni."

Dattijon ya ce, "A'a. Shekara bakwai tana yi maka aiki. Watannin nan ukun, kayan da ba nata ba take ɗauka."

Irimiya ya karɓi wayar, ya zauna a kan kunyar gona.

Ma'anar wannan misali ke nan. Wayar ita ce mutumin nan na gidanka ko na ikilisiyarmu wanda ba ya musu. Ita ce matarka da ta dawo daga gona ta shiga madafa, ko ɗan'uwan da muka ba shi shara, da waƙa, da gaishe marasa lafiya, don kawai bai iya cewa a'a ba. Fis ɗin kuwa shi ne ranar da ya ce, "Na gaji," muka ce ya daure. Da ya yi shiru, sai muka ɗauka ya warke.

Allah ya san iyakar ƙarfin kowane ɗayanmu, ba ya kuwa ɗora mana abin da ya wuce shi. Mu ne muke yi wa juna haka. 'Yan'uwa, kowa ya koma gida yau ya tambayi nasa, tun yana iya amsawa.