Wanda Ya Sauka Rijiya a Madadin Majemi

Akwai wani mutum, majemi ne, yana zaune a gefen wani ƙauye wanda ba shi da ruwan sha sai na rijiya ɗaya tak. Wani maigida ne ya haƙa ta a ƙofar gidansa, ya bar ta kyauta ga kowa. Doka ɗaya ya kafa: kada a kawo ƙazanta bakin rijiya. Ba wanki, ba shayar da dabba a guga, balle jiƙa fata. Wanda ya ɓata ruwan kuwa, shi za a ɗaura wa igiya a ƙugu, ya sauka ya yashe ta. Kowa ya san nauyin wannan hukunci, gama rijiyar tana da zurfi, in ruɓa ta taru a ƙasanta, warin yakan shaƙe mutum tun bai kai ga ihu ba.

A rafi majemin yakan jiƙa fatunsa, rafin kuwa da nisa. Wata ranar kasuwa da tsakar rana ya ɗauko ɗanyen ƙirgi, wato fatar sa, nauyi ya dame shi, rana kamar ta fasa kai. Ya biyo ta bakin rijiya, ya waiga hagu da dama, ba kowa. Ya ce a ransa, "Ɗan ruwa kaɗan zan watsa masa. Wa zai sani?"

Ya shimfiɗa ƙirgin a kan itatuwan bakin rijiya, ya kwara masa ruwa. Ashe kitsen da ke jikinsa ya sa santsi. Kafin ya ajiye guga, ƙirgi ya sulale, sai ji ya yi tinjim can ƙasa.

Ya koma gida bai gaya wa kowa ba.

Ba a daɗe ba ruwa ya fara ɗoyi. Yara suka kama gudawa, har da 'yarsa ƙarama. Mata suka shiga tsine wa wanda ya yi wannan aiki, shi kuwa yana ji, kai a sunkuye. Don zuciyarsa ta sami sauƙi sai ya tsiri wani alheri: kullum da sassafe ya tafi rafi, ya ɗebo ruwa, ya bi gida-gida yana zuba wa mutane a randa, ba ya karɓar ko na goro. Ana ta sa masa albarka, kowace albarka kuwa kamar an zuba masa garwashi a ƙirji. Rijiya dai tana nan tana ruɓa.

Wata tsohuwa ce ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ikon Allah! Yaushe majemi ya koma ɗan garuwa? Ɗan nan, mai kaza a aljihu fa ba ya jimirin as."

Ranar da aka zura ƙugiya a rijiyar don a ga abin da ke ɓata ruwan, sai ga ta ta fito da guntun fata mai gashi. Majemi ɗaya ne a ƙauyen. Ba wanda ya tambaye shi, shi ma bai yi musu ba.

Gari ya taru. Aka tuɓe masa riga, ya tsaya daga shi sai ɗan bante a gaban surukansa da matan unguwa, aka ɗaura masa igiya a ƙugu. Ya leƙa ramin, warin ya buge shi. Ya so ƙasa ta tsage ya shige, amma ba wannan ƙasar ba.

Sai wansa ya fito ya ce wa maigida, "Baba, a kwance shi, ni zan sauka. Yana da ƙananan yara."

Maigida ya ce, "Akwai dama wani ya sauka a madadin wani, amma sai wanda ba shi da laifin rijiya a wuyansa. Mai laifi, tasa saukar tana jiransa."

Tsohuwar nan ta dubi wan, ta yi shewa. "Kai? Kai da na gani da idona kana tsoma wa jakinka baki a guga?"

Aka yi dariya. Wan ya ce, "To, Iya, ke fa da zanen jikarki da kika wanke a nan ranar suna?"

Dariya ta mutu. Maigida ya bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kawar da kai. Wannan ya taɓa wanke ƙafa, wancan ya taɓa tofa yawu. Haƙurin maigida ne kawai ya rufa musu asiri.

Maigidan yana da ɗa tilo, wanda tun tasowarsa bai taɓa ƙetare maganar ubansa ba, ko a gaban ido ko a bayan ido. Shi ne ya ratso taron, ya durƙusa a gaban majemi, ya fara kwance igiyar.

Uban ya ce, "Ɗana, ka san abin da ke ƙasa."

Ya ce, "Na sani, Baba. Na kuma san ba ka so mutumin nan ya mutu."

Uban ya gyaɗa kai, hawaye yana bin gemunsa.

Ɗan ya tuɓe farar rigarsa ya miƙa wa majemi. "Rufe jikinka, ɗan'uwana."

Majemi ya ce, "Hannuna zai ɓata ta."

"Sa ta haka nan."

Aka zura shi. Ruɓaɓɓen ƙirgi ya fara fitowa guntu-guntu, laka baƙa ƙirin ta biyo baya, guga bayan guga. Majemi yana tsaye cikin rigar da ba tasa ba, ya kasa ɗaga ido. Can sai murya ta taso daga ƙasa, a shaƙe: "An gama."

Suka ja igiya, suka ji ta yi nauyi. Da aka fito da shi ba ya numfashi. Mutanen da suka saba gaishe shi da girmamawa suka toshe hanci, suka ja da baya. Majemi kaɗai bai toshe ba. Ya san wannan wari, nasa ne.

Bayan jana'iza ruwa ya tsatso garau, yara suka warke. Majemi kuwa ya kasa zuwa rijiya. Ya kulle kansa a gida, ƙishi yana cinsa, daga bisani ya ɗaure kayansa zai bar garin. Yana fitowa ya tarar da maigida a ƙofa, riƙe da ƙwarya cike da ruwa.

"Ina za ka?"

Majemi ya zube ƙasa. "Baba, da wane ido zan dube ka?"

Maigida ya ce, "In ka tafi da ƙishinka, to, don wa ɗana ya sauka? Tashi ka sha."

Majemi ya karɓa, ya sha.

Ma'anar wannan misali ita ce, maigidan nan Allah ne, rijiyar kuwa rai ne da ya ba mu mai tsabta. Majemin, kada ka waiga neman sa a bencin baya, kai ne, ni ne. Zunubi yakan fara da "wa zai sani?", ya ƙare da ɗoyin da ke kama har 'ya'yanmu. Sai mu shiga jigilar ruwan rafi: ba da baiko a coci, zumunta, waƙa a ƙungiyar mawaƙa. Abubuwa ne masu kyau, amma kun ga sun fitar da ƙirgi daga rijiya? Ko kaɗan.

Ku lura da wan majemin nan. Ƙauna yana da ita, niyya yana da ita, abin da ya rasa shi ne wuya marar laifi. Shi ya sa uwa ba za ta iya ɗaukar zunubin ɗanta ba, fasto ma ba zai iya ɗaukar na ikilisiya ba. Yesu Almasihu kaɗai ya yi wa Uba cikakkiyar biyayya tun daga haihuwa har gicciye. Da yake ba shi da hukuncin kansa, ya iya ɗaukar namu. Ya sa warinmu a jikinsa, ya yafa mana adalcinsa. Allah bai soke dokarsa ba, an sauka rijiyar, sai dai Ɗansa ne ya sauka. A wuri ɗaya misalin ya gaza: ɗan maigida ya zauna a kabari, Ubangijinmu kuwa ya tashi, yana da rai.

'Yan'uwa, kunya iri biyu ce. Akwai wadda takan durƙusar da mutum ya tuba, akwai wadda takan sa shi ɗaure kaya ya gudu daga wanda ya zo cetonsa. Wataƙila yau kana zaune a nan kana cewa, "Bari in gyara halina tukuna." Uba yana ƙofarka da ƙwarya. Ya san hannunka yana wari. Miƙo shi haka nan, ka karɓa.