Ranar da Malam Ya Ce In Yi Binne

Baba, yau shekara guda ke nan da muka sa ka a ƙasa, bayan dakon anasara ya karya maka ƙirji. Ina son in ba ka labarin Malaminmu na Tabla, shehi masani, mai taƙawa da zuhudu, wanda ko akuya bai taɓa ɗaga wa murya ba, Allah ya ƙara masa yarda.

Bayanka sojoji suka kwashe rumbunmu, sai ƙwarya guda ta iri da Inna Laraba ta ɓoye a tukunya. Da bazara ta tsananta zuciyata ta bushe, na bar karatu, na ƙudurta in tsere ƙasar Sakkwato in bar Inna. Da hantsi na biya na gai da Malam, ban faɗi komai ba. Ya dube ni a hankali, ya kira sunana ya ce, "Magagi, tafiya ba yau ba. Koma gida ka yi binne."

Baba, tun ranarka kalmar nan abu ɗaya take nufi a kunnena. Na sheƙa ina kuka, ina zaton Inna ta cika. Na iske ta tana dafa tafasa, na ce mata Malam ya ce in yi binne.

"Kai, ja'iri, ni za ka binne?" in ji ta. "Iri yaka nufi! Ɗauko sungumi."

Sama fes take, babu ko ɗigon gajimare. Maƙwabcinmu Tahiru ya leƙo ta shinge ya ce, "Ɗan Laraba, gara kaka ciyarwa ko kusu?" Muka zuba irin duka a busasshiyar ƙasa, mun san in ya tafi ba mu da wani. Kwana uku da binnen, bayan la'asar, ruwa ya sauka har ya cika fadama, hatsinmu ya riga na kowa tsira.

Da kaka na kai wa Malam damin farko. Ya ce, "Kai wa Tahiru, nasa ya makara. Godiya kuwa ka san Mai ita."

Abin da shekarar nan ta koya mini, ba duk abin da aka rufe da ƙasa ne ya ɓace ba. Alhamdu lillahi. Allah ya ɗaukaka darajar bawansa, ya yayyafa mana albarkarsa, ya sanyaya makwancinka.

Inna tana ba matan gari labarin ruwan a bakin rijiya. Cewa ranar na yi niyyar barin ta, Baba, har yau ban gaya wa kowa ba.