Alhaji Illo da Tirelar Siminti

Akwai wani attajiri a garin Illela ta jihar Tawa, ana ce masa Alhaji Illo Mai Motoci. A shekarun dubu biyu da 'yan kai, lokacin da wayar salula ta fara shigowa gari, duk motar da ke jigilar fasinja daga Illela zuwa Konni, in ba tasa ba ce to ta yaronsa ce.

Mutum ne mai kyauta da faram-faram, amma yana da ciwo guda: ba a gaya masa ya ji. Kuma duk duniya ba abin da yake ƙauna irin gudu. Motar da ba ta gudu amalanke ce a wurinsa, yaron da ba ya gudu kuwa ko aike ba ya ba shi.

To garin yana da wata al'ada. Kowace shekara in an gama girbi an kai gero rumbu, samari masu buga balo, wato ƙwallon ƙafa, sukan taru a ƙofar mai unguwa a raba su gida biyu. Gida ɗaya na Alhaji Illo ne, ɗaya kuma na Alkasum Tela, taubashinsa, wanda tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

Zaɓen bi da bi ake yi. Wannan ya kira sunan saurayi ɗaya, wancan ya kira ɗaya, har a ƙare. Ka'idar kuwa ita ce, wanda aka ci bara shi ke fara zaɓe, don a rage masa zafi.

Alhaji Illo ya daɗe yana fara zaɓe. Ya daɗe ƙwarai. Har akwai yaran da suka tashi suna zaton zaɓen farko gadon gidansu ne.

Cikin samarin akwai Buba, ɗan ƙanwarsa Salamatu. Buba ƙato ne mai nauyin jiki, in yana tafiya sai ka ce bai yanke shawarar inda za shi ba. A fili ba ya gudu. Tsakiya yake tsayawa, ya karɓi balo, ya ɗaga kai ya duba, ya aika ta daidai ƙafar wanda ba kowa kusa da shi. Kowace shekara Alkasum ke ɗaukarsa, kowace shekara kuma Alkasum ke cin wasa. Duk garin sun haɗa waɗannan abubuwa biyu, ban da mutum ɗaya.

A shekarar da ake magana, sai ga wani saurayi mai suna Sagir ya dawo daga ci-rani. Siriri ne, dogo, ƙafafu kamar karan dawa. Labarin gudunsa ya riga shi isa tasha, Alhaji ya sa aka kira shi. Aka jera shi da ɗan kabu-kabu a kan hanya, daga bakin tasha zuwa gindin wata kuka. Kafin mai babur ya gama sa giya, Sagir ya taɓa kuka ya juyo.

Alhaji ya miƙe tsaye, hula a hannu, baki har kunne.

"Alhamdu lillahi! Wanga shi na nike jira tun shekara da shekaru. Bana Alkasum ya shiga uku."

Ana gobe zaɓe, Buba ya zo tasha ya durƙusa ya gaida kawunsa a gaban direbobi da 'yan kamasho.

"Kawu, magana ta gare ni. Bana ka zaɓe ni. Ba ni jin daɗi kullum ni ka sa ana cin ka, inna ma ba ta jin daɗi. Ka ɗauke ni da hwarko, masu gudu ba su ƙarewa, ka same su baya."

Alhaji ya dube shi daga sama har ƙasa, ya kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Kai? Ni da zaɓen hwarko in ɗauki tirelar siminti? Ku dube shi don Allah, awa kamiyon da ta yi lodin siminti Malbaza tana hawan tudu! Buba, tahi ka ci tuwo. Balo ta masu ƙahwa ta."

Direbobi suka yi dariya, don in mai gida ya yi dariya dole yaransa su taya shi. Buba ya ce a huta lafiya, ya tashi ya tafi da irin tafiyarsa. Amma maganar ta yi masa zafi, domin kafin magariba yaran gari sun fara kiransa Tirela.

Washegari aka taru a ƙofar mai unguwa. Kafin a fara, Alhaji Illo ya ɗaga hannu. Da ma wanda aka ci rago kawai yake saya a yi walima. Shi kuwa ya ce bana rago ya yi kaɗan.

"Wanda anka ci, ranar kasuwa a kwance jaki daga amalanke, shi shiga madadin jakin. Shi jawo kyaftin ɗin da yac ci tun daga nan har tasha, ta tsakiyar kasuwa. Alkasum, ka yarda ko kana tsoro?"

Alkasum ya gyara tabarau ya ce, "Alhaji, ka tuna hwa kana da ciwon baya."

"Bayanka za ka ji ma tausai!"

Mai unguwa ya tambaye su har sau biyu, kowa ya ce ya yarda, jama'a suka shaida.

Aka ce Alhaji ya fara. Ya ce, "Sagir!" da ƙarfi kamar mai kiran fasinja.

Alkasum ya ce, "Buba."

Alhaji ya tafa hannu don murna, wai taubashinsa ya zubar da zaɓensa. Daga nan duk wanda aka san shi da gudu sai ya kira shi: Jamilu mai bin zomo da karnuka, Iliyasu da ya taɓa kamo ɗan maraƙi da ƙafa, da sauransu. Har mai tsaron gida ma mai gudu ya ɗauka. Alkasum kuwa ya tattara ragowar, su Halilu mai wankin hula, wanda gudunsa na yau da kullum ne, irin na mai tsoron ruwan sama.

Da Alhaji ya koma gida ya tarar labari ya riga shi. Matarsa Hajiya Shatu ta ajiye masa abinci ta zauna.

"Alhaji, in tambaye ka. Motocinka duka masu gudu na, ko?"

"Ƙwarai."

"To in ka jera su tasha ba direba ko guda, wace ta ka hwara isa Konni?"

Alhaji ya ce mata ita da ba ta taɓa zuwa kallon balo ba, mi ta sani. Ta ce gaskiya ne ba ta sani ba, amma dai za ta wanke masa tsohuwar riga, don kada ya ja amalanke da shadda.

Ranar wasa gari ya fito kaf. Filin wata gona ce da aka share bayan girbi, bayan raga kuma rumbunan mai gonar ne a jere. Abdulrazak malamin lakwal, wato makarantar boko, shi ne alƙalin wasa. Alhaji ya zo da kujerarsa da lema, da wani direba mai yi masa fifita.

Aka busa usur. Jama'a, abin da aka gani ranar ba a taɓa ganin irinsa ba. 'Yan wasan Alhaji gaba ɗaya suka ruga gaba a guje, kowa na son a ga gudunsa. Suka isa gidan Alkasum cikin ƙiftawar ido, suka tsaya suna haki, suka waiwaya. Balo tana can tsakiyar fili inda suka bar ta, Buba ya taka ta da ƙafa yana kallon su.

Bai yi sauri ba. Ya ɗaga kai, ya hango Halilu shi kaɗai, ya lallaɓa masa ita. Halilu ya je da gudunsa na tsoron ruwan sama. Mai tsaron gidan Alhaji kuwa, da yake shi ma mai gudu ne, tsayuwa ta gundure shi, ya biyo 'yan uwansa har tsakiya. Halilu ya tura balo cikin raga ba kowa.

Alhaji ya yi tsalle daga kujera. "Ba komi! Ku ƙara gudu!"

Suka ƙara. Sagir dai Allah ya ba shi ƙafa, wannan ba gardama. Sai dai duk gudun da ya yi, ba mai ba shi balo, don duk wanda ya same ta sai ya sunkuyar da kai ya ruga da ita har a ƙwace. In kuma an yi sa'a an bugo, ya riga ya wuce kowa, alƙali ya busa satar gida. Sau ɗaya tak ta zo masa daidai. Ya kwasa da gudu, ya wuce masu tsaron baya, ya wuce mai tsaron gida, ya wuce raga, ya wuce balo ɗin ma, bai tsaya ba sai da ya rungumi rumbu.

Da aka tafi hutu, Sagir ya zo yana cire ƙaiƙayi daga gashinsa.

"Alhaji, wallahi gudu ba shi na matsala ba. Ba mu da mai raba muna balo. Da akwai mutum guda awa wancan..." Ya nuna Buba, wanda ke zaune yana shan ruwa, rigarsa ko jiƙewa ba ta yi ba.

Alhaji ya kawar da kai. A lokacin ne bayansa ya fara yi masa ciwo tun ba a je ko'ina ba.

Bayan hutu masu gudu suka gaji, kamar yadda mai gudu yakan gaji. Buba kuwa da me zai gaji? Ya ci gaba da rabo, wannan dama, wannan hagu. Aka tashi uku ba ko ɗaya.

Ranar kasuwa, mutanen garin Tajaye da na ƙauyukan kewaye da ba su da abin saye ma sun zo. Aka kwance jaki aka ɗaure shi a inuwa, shi ma ya tsaya kallo. Alhaji Illo, a yaba masa, bai gudu ba kuma bai aiko da uzuri ba. Ya fito da tsohuwar rigar da Hajiya Shatu ta wanke, ya shiga tsakanin itatuwan amalanke.

Sai mai unguwa ya ce kyaftin ɗin da ya ci ya hau. Sai a lokacin Alhaji ya tuna wane ne kyaftin: wanda Alkasum ya fara zaɓa.

Buba ya hau. Amalanke ta yi ƙara, tayoyi suka nutse cikin yashi.

Alkasum ya matso kusa da kunnen taubashinsa. "Alhaji, lodin Malbaza ya samu. Sa giya."

Alhaji ya ja. Ba motsi. Ya sake ja har jijiyar wuya ta fito, hula ta faɗi, gumi ya karyo masa. Amalanke ko gezau. Kasuwa ta ɗauki dariya, direbobinsa suna ɓoye fuska a bayan juna. Sagir ya zo zai taimaka, mai unguwa ya ce alkawari bai ce da ɗan taya ba. Kunya ta rufe Alhaji, ya sunkuyar da kai, ya rasa inda zai sa ransa.

Sai ya ji amalanke ta yi sauƙi. Ya waiwaya. Buba ya sauko, ya cire takalmansa ya ɗora a kai.

"Baba mai unguwa, ga takalman kyaftin nan bisa, sun wakilce ni. Ni ba ni iya zama kawuna shina ja na."

Ya koma baya ya sa hannu ya tura. Mai unguwa ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi Alkasum, Alkasum ya ɗaga kafaɗa yana murmushi. Haka suka ratsa kasuwa, Alhaji a gaba, Buba a baya yana cewa, "Kawu, yi dama, akwai rami. Yi hagu, mai tumatir ta." Ko a nan ma shi ke ganin hanya.

Da suka isa tasha Alhaji ya zauna a kan benci yana haki. Can ya kamo hannun Buba a gaban direbobin nan da suka taya shi dariya, ya ce, "Ɗana, na ci mutuncinka a nan wurin, a nan kuma nike roƙon ka gahwara." Idonsa ya kawo ruwa, ya ce gumi ne.

Shekara ta zagayo, aka sake taruwa a ƙofar mai unguwa. Ba sai an tambayi wa zai fara zaɓe ba. Sagir na tsaye a gaba, ga wasu sababbin masu gudu har sun fi na bara. Mai unguwa bai gama cewa "Alhaji, bisimilla" ba, sai aka ji:

"Buba!"

Buba ya taso daga can bayan taro da tafiyarsa ta kullum. Jama'a suka fara yi masa tsiya wai ya ɗaga ƙafa, rana na yi. Alhaji Illo ya daka musu tsawa.

"Ku ƙyale shi! Taho sannu, ɗana, kak ka gaji. Mu muna jiran ka."

Darasi: Kada ka auna kowa da ma'auni ɗaya don kawai shi ne abin da kake so. Mai gudu yana da amfani, amma masu gudu suna da yawa, wanda ke ganin hanya ya saita su shi ne ba a samu ko'ina. In zaɓi ya zo hannunka, a wasa ne ko a aiki, ka fara da wanda ba shi da madadi, kuma kada ka wulaƙanta mutum don baiwarsa ba mai hayaniya ba ce. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman wanda kuka san ba a gaya masa ya ji, tun kafin a kwance masa jaki.