Mai Jefa wa Bushiya Goruba

Ga ta nan tafe, wa zai tare ta?

Ta iso mu ji ta.

Wata shekara namun daji suka shirya gasar buga goruba da kulki. Doka ta ce kowa jifa goma za a yi masa, wadda ta tsallake danga kaɗai ake ƙirgawa, kuma kowa ya zo da mai jefa masa. Wanda ya ci, bishiyar gorubar tasa ce har baɗi.

Ɓauna ta ɗauko Giwa. Bushiya kuwa, da gobara ta cinye mata rumbu, ta lallaɓo da tsoho Kunkuru.

Ɓauna ta ce, "Baba Kunkuru? Kafin jifansa ya iso an yi la'asar."

Giwa ta fara wurgi, goruba na wucewa fiu, Ɓauna sai dukan iska take.

"Yaya, a hankali mana."

Giwa ta ce, "Ai don ƙarfi kika kira ni."

Goma suka ƙare, ko ɗaya Ɓauna ba ta taɓa ba.

Kunkuru ya dubi Bushiya: "'Yata, ta ina kike so?"

"Daidai ƙirji, Baba."

Ya riƙa lallaɓo mata su a hankali. Uku suka haye danga, Bushiya ta ci gasa.

Ɓauna ta matso, murya ƙasa-ƙasa: "Baba, baɗi wani ya riga ya kama ka?"

Ƙurunƙus, na sauke ta kan ɓera. Gobe in za ku gasa, ku fara neman mai jefa muku.